Ci-ranin da ya raba ni da jami'a

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Laminu, ɗan Damagaram, daga Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya nake rubuto miki.

Shekarar da na ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, ko kuɗin motar zuwa jami'a babu a gidanmu. Sai na yi abin da samarin unguwarmu suka saba: na zo nan ci-rani, ina ɗaukar siminti don in tara kuɗin rajista da na ɗaki. Da na koma gida, na je buro, wato ofishin hukuma, neman tallafin karatu. Ma'aikacin ya ce, "Ɗana, ka makara. Doka ta ce wanda bai shiga a shekarar da ya ci ba, ya rasa." Na ce ai talaucin ne ya tsayar da ni. Ya ce doka ba ruwanta da wannan.

Ga ni na dawo kan siminti. Ginin da muke yi kuwa, ɗakunan kwanan ɗalibai ne.

Ina gaida abokan aikina. Malama, ƙanwata Hadiza za ta rubuta bak bana, kuma har yanzu babu kuɗin motar. Ki tambayar mini waɗanda suka rubuta dokar nan: me zan ce mata?