Amshin Baba Ɗanjuma kaɗai muka riƙe

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki.

Ni tela ne a Tudun Wada, Gusau. Muna da ƙungiyar mawaƙa, muna haɗuwa ƙofar shagona kowace Juma'a bayan la'asar. Dokarmu ɗaya ce: kowa ya rera waƙar da ya ƙirƙira da kansa.

Da kakar bara wani dattijo manomi daga Bungudu, Baba Ɗanjuma, ya zo da gurminsa ya yi mana waƙar rijiyar garinsu da ta ƙafe. Muka yi ta amshi har muryoyinmu suka dushe. Daɗi ya ɗebe mu, kowa na zaton wani yana riƙe baitocin. Ba wanda ya rubuta.

Makon jiya muka ji Allah ya yi masa rasuwa. Muka zauna mu rera waƙar, ashe amshi kaɗai muka iya.

Don Allah mutanen Bungudu da na Tsafe, inda yake cin kasuwa, duk wanda ya riƙe ko baiti ɗaya ya kawo mana. Har yanzu muna yin amshin, sai mu yi shiru daidai inda yake shigowa.

Allah ya jiƙansa.

Naku, Sani Tela.