Harsashi a Tafkin Dayi

Ranar kasuwar Dayi na fake wa rana a rumfar maƙeri, littafina a hammata. Wata tsohuwa na jiran fartanyarta, sai ga wani ɗan bindiga ya zo a zuba masa harsashin dalma.

"Iya, matsa. Aikina za a fara."

"Ba inda zan matsa, ɗan nan."

"Ba ki ga abin da ke kafaɗata ba? Awo biyu na albarushi nake ɗura mata. Ko kada a ƙasan ruwa sai ta huda shi."

"Kada? Ni ma irinta ba ta huda ni ba. Shekarar da mahara masu kama bayi suka zo, na faɗa tafki na lafe cikin bado. Suka ce in fito, na ƙi. Wani mai awo biyu irinka ya harba, dalmarsa ta daki ruwa ta baje kamar waina. Ruwa ba ya son gaggawa. In ka mare shi da ƙarfi, sai ya rama."

"To ai ba su iya ba ne."

"Ɗaya ya iya. Ya rage albarushi, ya ɗura siririn ƙarfe mai tsini kamar basilla. Shi ya ratsa ruwan ya same ni."

"Sai kika fito?"

"Sai da suka gaji suka tafi. Gonar da nake nomawa yau tawa ce, ba ta ubangida ba."

Ta ɗaga hannunta na hagu.

"Yatsu uku na bar wa tafkin. Maƙeri, ina fartanyata?"