Wanda Ya Gudo Daga Yaƙi

A shagon mai hoto, wani mutum da wata mata suna jiran a ƙara wa tsofaffin hotunansu girma.

"Baiwar Allah, wannan mai kakin soja kakanki ne? Nawa ma ya je yaƙin. Can ya rasu, har lambar yabo aka aiko mana."

"Nawa gudowa ya yi. Wata biyu yana tafiya a ƙasa, ko takalmi babu."

"Kuma shi za ki rataya a falo? Da mu ne, ɓoye shi za mu yi."

"Saitin ƙofa ma kuwa, kowa ya gani. Malam, yaya muryar kakanka take?"

"Ko babana bai san ta ba."

"To, ni a kan cinyar nawa na ji labarin. Ku ci gaba da goge lambarku."