Sunan Baba Kumai a Littafin Horo

Jawabin Marcel Okwudili, makanikin loko (wurin gyaran injinan jirgin ƙasa), a taron tunawa da Baba Kumai Zamani, Kafanchan, Nuwamba 1977

Shekara bakwai da wata huɗu ke nan rabona da garinmu. Tun ranar da na hau jirgi daga Gabas na dawo Kafanchan bayan yaƙi, ban sake taka ƙasar da aka binne iyayena ba. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san wanda ke tsaye a gabanku. Baƙo ne, Hausarsa ta tasha ce, kuma ranar Lahadi ba majami'arku yake zuwa ba. Maman Meshak, matar marigayi, ita ce ta ce lalle ni zan yi magana. Na ce mata akwai manya. Ta ce, "Manyan sun yi tasu maganar tun bara. Kai dai tashi."

To, na tashi.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, Mai Unguwa, Baba Fasto da dattawan ikkilisiya, shugaban tasha da abokan aikina na reluwe, iyayenmu mata na Zumunta, Mama Afiniki matar marigayi, Meshak da Roseline 'ya'yansa, dangi da kuka taso daga Samaru Kataf da Nok: sannunku da zuwa, sannunmu da wannan rashi.

Wata uku ke nan da muka sa Baba Kumai a ƙasa. Ba zan ɓoye muku abin da ya kawo ni ba. Mutumin nan ya mutu sunansa yana cikin littafin horo, wato na waɗanda aka hukunta, na ikkilisiyar da ya ɗauko duwatsun harsashinta a ka. Har yau da nake magana sunan yana nan, ba a goge ba. Zan yabe shi, gama ya cancanta, amma can zan nufa.

Ya kasance hediman na leburorin layi shekara ashirin da takwas. Kullum da safe yana tafe a kan dogo da gudumarsa, yana ƙwanƙwasa kusa ɗaya bayan ɗaya, yana saurare. Mu na loko muna gyara inji mu yi alfahari, amma mun san a kan kunnen Kumai injin ke tafiya. A wata damina ruwa ya cinye ƙasan kwalbati, dogo yana rataye a iska, daga nesa ba mai ganewa. Shi ya ji sautin ya sauya. Ya yi gudun mil guda da jan tuta, ya tsayar da jirgin fasinja. Wasu a nan iyayenku na cikin jirgin.

Ya kasance mai koyar da karatu. Da yamma, bayan ya wanke ƙurar layi, sai ya zauna a gindin mangwaro da allo, yana koya wa manya baƙaƙe. Daga cikin dattawan da ke zaune a layin gaba, ina ganin huɗu da ya riƙe wa hannu suka rubuta sunansu na farko. Shekara ashirin da biyu shi ke karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa a majami'a, har a bakin titi ana jin muryarsa.

Ya kasance maƙwabcina. A shekarar tashin hankali, lokacin da sunana kaɗai ya isa a kashe ni, shi ya kulle mu a ɗakin kayan aikin leburori, ni da matata Ugomma da 'yarmu Ifeyinwa, kwana uku. Maman Meshak tana kawo tuwo a kwanon sarki, an rufe da buhu, kamar abincin ma'aikata. Rana ta huɗu ya tura mu cikin tarago, ya ce, "Kai Inyamirin nan, ka dawo fa, ba wanda ya iya gyara mini keke." Ugomma ba ta dawo ba, yaƙi ya ci ta. Da na dawo ni da yarinyar, na tarar da akwatin kayan aikina a ƙarƙashin gadonsa, kowace sifana an shafa mata mai.

Yanzu ku saurari sauran, gama ita ce ba ma so a faɗa.

Shekara uku da suka wuce, wata Lahadi, ya tsaya a tsakiyar aya. Yana kallon shafin kamar an sauya masa littafi. Aka ce tabarau yake bukata. Aka sayo tabarau. Bayan haka sai ya fara neman sunan abubuwa. Buta ta zama "abin nan", guduma ta zama "abin nan". Yakan fita kasuwa sayen gishiri, a tsince shi mil biyu a kan layi yana ƙwanƙwasa kusa da dutse, shi da ya bar aiki tuntuni. Muka ce gigin tsufa ne, muka yi dariya. Ni ma na yi.

Sannan Hausa ta bar shi. Ku da kuka san gidan kun san abin da wannan ke nufi. Shi Bakatafe ne, ita 'yar Jaba ce daga Nok. Shekara arba'in da Hausa suka yi aure, da Hausa suka yi renon yara. Sai ga shi ya wayi gari ba ya jin komai sai harshen mahaifiyarsa, ita kuwa ba ta ji. Ta ce mini, "Baban Ifeyinwa, ka ga mutumin nan? Shekara arba'in muna faɗa da Hausa, ya ga zan ci shi, ya kwashe ya gudu ya bar ni da Hausar ni kaɗai." Tana dariya tana share ido da bakin zane.

Ga laifina, kada wani ya ce na zo wanke kaina. Ranar da na shiga na gaishe shi, ya dube ni kamar mai karɓar haraji, ya ja da baya, raina ya ɓaci. Wata huɗu ban taka gidan ba. Na ce ba zan iya gani ba. Sai da Maman Meshak ta same ni a loko, a gaban yaran aiki, ta ce, "Oga Marcel, lokacin da kake cikin ɗakin leburori, kai ma ba abin sha'awa ba ne, amma mun zo." Da yamma na je.

Bara, ranar jibin Ubangiji, da ake raba gurasa da ruwan inabi a majami'a, aka miƙa masa ƙoƙo. Ya riƙe, ya rufe ido, ya ɗaga muryar nan tasa, ya rera waƙar dodo, ta tsafin gargajiya. Ba zan yi muku ƙarya in ce waƙar yabo ce aka yi wa mummunar fahimta ba. Waƙar dodo ce, wadda aka koya masa a daji yana ɗan shekara goma. Waɗanda ke jin Katafanci sun gane ta tun daga baitin farko.

Kuma zan yi wa dattawa adalci. Mutanen nan ba da wasa suka fito daga dodo ba. An yi musu duka, an kore su daga gidajen ubanninsu, wasu an ƙwace musu gona. Dattijo Luke, da ke zaune can, har yau akwai tabo a bayansa. Ya ji waƙar nan a gaban teburin Ubangiji, daga bakin mutumin da ya koya masa karatu, ya fita waje yana kuka. Ban raina wannan kukan ba. Amma abin da ya biyo baya kuskure ne. Aka zauna, aka ce Kumai ya koma baya. Aka rubuta sunansa a littafin horo: ya koma bencin baya, ba zai sake cin jibi ba sai ya tuba a gaban jama'a. Sau uku aka je gida aka tambaye shi, da Hausa, ko ya tuba. Sau ukun yana murmushi, yana tambayar ko mahaifiyarsa ta dawo daga rafi. Matar da ta mutu tun kafin a haifi Meshak!

Ni da Meshak muka kai shi asibiti. Likita ya duba jini, ya duba ido, ya ce jikin nan ya fi nasa ƙarfi. Sai ya zauna yana yi masa tambayoyi, wata nas mai suna Scholastica tana fassarawa. Yau wace rana? Bai sani ba. Wa ke mulkin ƙasa? Ya ce Bature. Aka nuna masa Meshak, ya ce ƙanensa ne. Aka faɗa masa sunan abu uku, aka jira kaɗan, aka ce ya maimaita, ko ɗaya bai riƙe ba. Amma da aka tambaye shi sunayen gonakin kakansa, ya jero su tiryan-tiryan.

Likitan ya ce mana, wannan ciwo ne a cikin ƙwaƙwalwa, kamar yadda wani tsoho idonsa ke mutuwa, wani kuma ƙafa. Abin da ya shiga daga baya shi ke fara fita, abin da ya shiga tun yarinta shi ke saura. Hausa daga baya ta shiga. Karatu daga baya. Baftisma yana da shekara ashirin da shida aka yi masa. Waƙar daji kuwa tana can ƙasa, tare da muryar uwarsa. Ba zaɓa ya yi ba. Na ce, "Likita, akwai allura?" Ya ce babu. Ya ce maganin da ya sani shi ne kada a ɗaure shi, kada a yi musu da shi, kada a sauya masa ɗaki, in yana son tafiya wani ya raka shi. Sannan ya dubi Meshak ya ce, "Ku kula da mahaifiyarku. Mai jinyar irin wannan ciwo sau da yawa ita ke fara faɗuwa."

Ya rubuta wannan a takarda. Muka kai wa dattawa. Aka ce likita ya san jiki, bai san ruhu ba. Na yarda bai san ruhu ba. Amma ina tambaya: wanda bai san yau wace rana ba, yaya zai san ya yi zunubi? Wane ne a cikinmu zai hori makaho don ya taka shuka?

Mu na reluwe mun yi ɗan abin da za mu iya. Muka raba ranaku, kowace yamma mutum ɗaya ya raka shi gefen layi, da ƙaramar guduma a hannunsa. Nan ne kawai hankalinsa ke kwanciya. Wata rana ya tsaya, ya ƙwanƙwasa wata kusa sau biyu, ya dube ni, ya girgiza kai. Na duba. Wallahi ta kwance. Bai san sunana ba, amma kunnen yana nan.

Maman Meshak, ke nake wa magana yanzu. Tun ranar da aka mai da shi bencin baya kika bi shi can. Ba wanda ya hore ki, amma kin ce ba za ki sha ƙoƙon da aka hana mijinki ba. Wata goma sha tara ke nan. Ya mutu, kina nan a bencin ke kaɗai, kin rame, Roseline ta ce ba kya cin abinci sai an tsaya a kanki. Ba zan ce ki tashi ba, na san ba za ki tashi ba sai an goge sunan. Abin da nake roƙo shi ne ki ci tuwo, ki jira mu.

Meshak, Roseline, kada ku ji kunyar mahaifinku. Bai haukace ba, ba a yi masa asiri ba, bai bar Yesu ba. Ciwo ya yi. Ku faɗa wa 'ya'yanku haka da bakinku, kafin 'yan unguwa su faɗa musu wani abu dabam.

Mu kuma, jama'a, mu dubi gidajenmu. Na san ɗaki biyu a unguwar nan da aka kulle tsohuwa a ciki, ana cewa mayya ce don tana kiran matattu. Ba zan ambaci suna ba. A kai su asibiti a duba. Rakiyar yamma da muka yi wa Kumai ba mu rushe ta ba, duk mai bukata ya zo loko ya neme ni. Garin nan kusan dukanmu da Hausar aro muke zaune. In Allah ya ja kwananmu, wasunmu za su koma harshen uwa, su rera abin da suka yi shekara hamsin suna gudu. Ni in nawa ya zo, da Ibo zan yi ta surutu, ba mai gane ni sai Ifeyinwa. Ina so in san garin da zan tsufa a cikinsa.

Baba Fasto ya faɗa mini ƙa'ida, kuma na gode masa da bai ɓoye ba. Dattawa tara ne. In biyar suka sa hannu, sai a goge suna daga littafin horo, ko mai sunan ya mutu. Tun bayan jana'iza nake bin gida-gida da takarda a aljihu. An ba ni kujera, an ba ni ruwa, wani ya ce in dawo bayan girbi, wani ya ce ina ruwan ɗan Katolika. Na gaji, ba zan ɓoye ba, ƙafafuna ba na da ba ne. Amma ba zan daina ba. Wanda ya fara sa hannu Dattijo Luke ne. Ya riƙe biro ya daɗe, ya ce, "Shi ya koya mini rubuta sunan nan. Bari in rubuta masa shi sau ɗaya."

Na gode wa matan Zumunta da suka dafa abincin yau, na gode wa abokan aiki da suka yi rakiya, na gode wa duk wanda ya zauna ya ji maganar baƙo har ƙarshe, ko ta yi masa ɗaci.

Ya Ubangiji, kai da ka san kowane harshe, ka karɓi bawanka Kumai da harshen da ya zo maka da shi. Ka riƙe Afiniki da 'ya'yanta. Ka tausasa zukatanmu ga tsofaffinmu, ka gafarta mana dariyar da muka yi. Cikin sunan Yesu, amin.

Takardar tana nan a kan tebur, ga biro kusa da ita. Hannu uku na samu. Saura biyu.