Sunan da Na Ɓata wa Jikana

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Baba Istifanus, tsohon malamin makaranta a Dutse.

Ashirin da takwas ga Oktoba ce ranar Waliyyi Yahuza, manzon Yesu da mu 'yan Katolika muke kai wa kuka idan abu ya gagara. Na daɗe ina jin haushinsa, domin na roƙe shi lokacin ciwon matata, amma ta rasu.

'Yata Rahila ta yi shekaru ba haihuwa. Ta yi wa waliyyin alkawari, bana ta sami ɗa, ta sa masa Yahuza. Ranar baftisma, a gaban baƙi, na ce, "Rahila, kin rasa suna sai na wanda ya sayar da Ubangijinsa?"

Ta ce, "Haba Baba, kai ka koya mini Yahuza biyu ne."

Gaskiyarta ce: waliyyin daban, Yahuza Iskariyoti da ya ci amanar Yesu daban. Amma an riga an yi dariya, yanzu duk unguwa Iskariyoti ake kiran jaririn.

Masu sauraro, yaya zan gyara wannan ɓarna? Rahila da mijinta sun koma Taura, ba ta ɗaukar wayata. Har yau ban riƙe jikana ba.