Jaridar da Aka Ƙunshe Irin Albasa a Ciki

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ni malamar makaranta ce a Jega.

A kasuwar Aliero, Inna Hajo, wata dattijuwa daga Kashin Zama, ta sayi irin albasa, aka ƙunshe mata a tsohuwar jarida. Ta kawo min takardar, tunda an ce na yi jami'a. Hoton wani sojanmu ne kwance a Laberiya, fuskarsa a ƙasa.

Ta ce, "Malama, wanga kambu na hannunai ni na ɗaura ma ɗana Garba da za shi yaƙi, har yau babu labarinai. Karanta min sunan."

Babu suna. "Wani soja" kawai aka rubuta. Nan digirina ya ƙare.

Na rubuta wa wanda ya ɗauki hoton. Ya amsa cewa harsashi na zuba, bai tsaya tambaya ba, kuma har yau in ya ɗaga kyamara, ko a wurin biki, hannun nan yake gani.

Malamai, ku ba mu shawara: matar Garba ta shiga takaba saboda hoto, ko ta jira? Inna dai kowace Juma'a sai ta dawo in sake karanta mata, ko sunan ya fito.