Hanyar da Basiru Ya Bi ta Bayan Gidan Surukinsa

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Mai girma shugaban taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Gudun Dogon Zango ta Tsamiyar Dabo, Alhaji Nababa. Mai girma Dagaci da masu unguwanninsa. Malam Liman da na'ibinsa. Babban baƙonmu, wanda ya iso lafiya bayan an kammala tseren da aka gayyace shi ya buɗe. 'Yan kwamiti, na cikin rumfa da waɗanda suka zame bayan rumfa da suka ga na miƙe. Iyayenmu mata ƙarƙashin Hajiya Mairo, waɗanda suka tsaya da tulunan ruwa a bakin hanya tun hantsi. 'Yan gudu, waɗanda suka dawo da ƙafafunsu da waɗanda aka dawo da su a amalanke. Jama'ar gari baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gode wa Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ina kuma gode wa kwamiti da ya ba ni minti biyar in yi magana a matsayina na mai riƙe da agogon tsere. Shekara talatin da huɗu na yi ina aikin safiyo, wato awon ƙasa, kafin in yi ritaya, saboda haka na san tsawon minti biyar. Amma yau da agogon kwamiti zan yi aiki, agogon da aka ce za a tashi gudu ƙarfe bakwai, aka tashi tara da rabi, rana na dukan kan mutane. Bisa wannan awo, ina da lokaci har magariba.

Magana ta farko ita ce atisaye. A shekarun nan da muke ciki, da kuɗin mota ya gagari talaka, da magidanci ke zuwa Dawanau ya tambayi farashin gero ya dawo gida da labari maimakon gero, kowa a garin nan ya koma mai tafiyar ƙafa ba da son ransa ba. To, wasu sun ɗauka tafiya kasuwar Kunci a ƙasa ta mayar da su 'yan gudu. Mutum talatin da ɗaya suka ba da suna. Wata uku da suka wuce na rubuta musu tsari, na manna a bangon makaranta: a fito bayan sallar asuba, kwana uku a mako a yi sassarfa, rana ɗaya a yi nisa, kowane mako a ƙara kaɗan, ranar Juma'a a huta. Mutum tara suka bi. Sauran sun jira har ranar Laraba, tsere kuwa Asabar. Wani daga cikinsu ya same ni a ƙofar gida, cikin ladabi ya ce, “Malam, in na haɗa gudun wata ukun nan na yi shi gobe gaba ɗaya, ai ya wadatar ko?” Na ce masa ya fara gwada haɗa tuwon wata uku ya ci a zama ɗaya, in ya tashi lafiya ya zo mu tattauna. Yana nan tare da mu. Shi ne wanda aka fara saukewa daga amalanke.

Magana ta biyu ita ce awon hanya. An shelanta tseren kilomita goma. Da na tambayi kwamiti yadda suka san goma ce, suka ce sun aiki mai babur ya zagaya. Na je na duba babur ɗin, na tarar allurarsa ta daina motsi tun kafin a sayar wa mai shi na yanzu. Na tambayi mutumin yadda ya auna, ya ce a jikinsa ya ji ta kai goma. Sai na ɗauko igiyar awona mai mita hamsin, na kwana uku ina sunkuyo da wannan bayan nawa, na tarar kilomita tara ce da mita ɗari biyu. Na ƙara abin da ya rage, kwamiti ya yarda, har aka yi mini tafi. Ina roƙon jama'a su riƙe wannan da kyau: kwamiti ya yarda da igiyata.

Magana ta uku ita ce ta sa na roƙi a ba ni dama kafin a raba kyauta, kuma zan faɗe ta dalla-dalla domin waɗanda ba su ji ba.

Duk wanda ya zo na ɗaya a yau zai karɓi buhun gero, kuma sunansa za a aika a matsayin wakilinmu a babban tseren da za a yi a Kano. Wanda ya fara taka layi shi ne Basiru, cikin minti talatin da uku da daƙiƙa goma sha biyu. Na biyu Sama'ilu, bayansa da daƙiƙa arba'in. Na gani da idona, na rubuta da hannuna. Da azahar kwamiti ya zauna, ya yanke cewa an cire Basiru, domin a kilomita ta bakwai ya sauka daga titi, ya shiga tsakanin gonaki, ya ɓullo ta wajen rijiya. Suka ce ya yanke hanya. Suka ce gero da tafiya Kano sun koma hannun Sama'ilu.

Ba ni da ƙorafi a kan Sama'ilu. Ya yi atisaye, ya yi gudu na gaskiya, kuma bai roƙi kowa komai ba. Kasancewarsa ɗan ƙanen shugaba ban ce shi ne dalili ba. Na ambata ne kawai don cikar bayani, kamar yadda aka koya mana a ofis.

Amma ya ku jama'a, akwai wanda ya tambayi abin da ke kilomita ta bakwai? Kowa a nan ya sani. Ƙofar gidan Malam Iliyasu ce, mahaifin Safara'u, matar Basiru. Yau da safe Malam Iliyasu ya fito da buzunsa, ya tara abokansa dattawa biyar, suka zauna a bakin titi. Ga Basiru tafe, gajeren wando da singileti, gumi har ƙasa. Bayan tsere na kira Basiru gefe na tambaye shi me ya kai shi gona. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ta ina zan wuce? Ga Malam zaune, ga ni cinya a waje. In na tsaya, sai na cire takalmi na durƙusa, kuma ka san gaisuwar Malam ba ta ƙarewa sai ya tambayi kowa har awaki. In na wuce ban tsaya ba, da wane ido zan shiga gidan nan gobe?”

Ina tambayar kwamiti, wanne daga cikinku ne zai wuce gaban surukinsa da gudu, gwiwa a buɗe? Na san wani a cikinku, ba zan kama suna ba, wanda ya taɓa barin kwanon tuwo da cokali a ciki ya tsallake danga saboda ya ji sallamar surukinsa, kuma a ranar babbar riga ce a jikinsa. Yau shi ne ya fi kowa ɗaga murya a kan bin doka.

Lokacin da kwamiti ke cin shinkafar rana, ni ina gona da igiyata. Sawun takalmin Basiru bai ɓata ba, domin takalmin roba ne da aka ɗinke sau uku, babu irinsa a ƙasar nan. Na bi sawun taki-taki, gaban shaidu biyu. Titin da ya bari tsawonsa mita ɗari biyar da goma. Hanyar da ya bi ta bayan gidan, cikin yashi da kututturen dawa, mita ɗari takwas da hamsin. Wato ya ƙara wa kansa mita ɗari uku da arba'in, kuma duk da haka ya riga kowa. Wannan shi ne mutum na farko da na taɓa ji an kama da laifin yanke hanya saboda ya tsawaita ta.

Dokar ƙungiyar nan ni na rubuta ta, kuna zaune kuna gyaɗa kai. An kafa ta ne domin kada wani ya gudu ƙasa da abin da 'yan uwansa suka gudu. Ba a kafa ta don a hukunta wanda ya gudu fiye ba. Kuma ranar da ake tsara hanya na faɗa muku, yana cikin littafin zama, cewa titin cikin gari ya ratsa ƙofar surukan 'yan gudu har shida, na ba da shawara a bi ta bayan gari. Aka ce a'a, dole a bi ta cikin gari, ta gaban shagon shugaba, don jama'a su gani. To, jama'a sun gani. Na kuma lura cewa biyar ɗin farko da suka biyo Basiru duk gwauraye ne da samari, waɗanda kowace hanya a garin nan a buɗe take gare su.

Basiru, kai ma ba ka kuɓuta ba. Wata uku kana fitowa kullum kafin ka tafi gona, da kokon da ba sukari, ka iya lissafin numfashinka da takunka, amma ka kasa aika Safara'u jiya ta roƙi mahaifinta ya yi kallo ta zaure. Ɗan gudu da ƙafa yake gudu, amma da kai yake shiri. Shi kuwa Malam Iliyasu, da na je na gaishe shi ɗazu, cewa ya yi, “Ni fa na fito ne in ga yaron nan ya wuce a gaba. Kowa ya wuce, har mai ɗingishi, shi ban gan shi ba.” Allah Ya ƙara wa Malam girma. Baɗi, in muna raye, muna roƙon ya so surukinsa daga cikin gida.

Ya ku jama'a, a bana buhun gero ba abin ado ba ne da ake ɗagawa a ɗauki hoto. A gidan Basiru mutum bakwai ne ke jiran sa. Tafiya Kano kuwa ba kowace shekara take zuwa wa manomi ba, ƙafa kuma ba ta jiran mutum ya shirya.

Takardar da za a aika Kano tana buƙatar hannu biyu: na mai agogo da na shugaba. Magatakarda ya kawo mini wata ɗazu da sunan Sama'ilu, na mayar masa da ita yadda ya kawo. Ga wata sabuwa a hannuna. Na rubuta Basiru, na rubuta lokacinsa, na sa hannu. Layin shugaba ne ya rage. Alhaji Nababa, ga takarda, ga birona, yana rubutu, na gwada shi sau biyu. Ga Dagaci a damarka, ga Liman a hagunka, ga Malam Iliyasu can a gaba yana kallon ka. Zan yi addu'a a hankali domin ka sami lokaci.

Allah Ya kawo mana sauƙin wannan zamani, Ya cika rumbunanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Allah Ya warkar da ƙafafun da suka kumbura yau. Allah Ya bar mu da kunyar manyanmu, kada Ya sa ta zama sanadin asarar kowa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci alhali ana ganinsu, da kuma lokacin da ba a ganinsu. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na ga an sa hannu. Basiru, sanya doguwar rigarka ka fito, Malam na nan.

Na gode.